Tsofaffin Finafinan Soyayya da Barkwanci: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu fara kallon tsofaffin finafinan soyayya masu ban dariya, musamman na Amurka da na Indiya. An fara da masu sauƙi, aka gangaro zuwa masu zurfi. Inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna lambarta.

1. Wane irin fim ake nufi, kuma waɗanne ne tsofaffin?

Fim ne da labarinsa ya tsaya a kan namiji da mace waɗanda mai kallo ya gane tun da wuri cewa sun dace da juna, su kuwa ba su gane ba, ko sun gane suna ta musu. Dariyar tana fitowa ne daga abin da ya shiga tsakaninsu: girman kai, bambancin arziki, ƙaryar da ɗaya ya yi ta girma ta fi ƙarfinsa, ko alkawarin aure da wani. Idan mutuwa ko cuta ce ta raba masoyan, wannan fim ɗin ban tausayi ne. Idan kuma ɗan barkwanci ake sakowa tsakanin fitowa da fitowa don a huta, soyayya na gefe guda dariya na gefe guda, shi ma bai shiga ba. Sharaɗin shi ne masoyan da kansu su ne masu ba da dariyar.

A Amurka zamani uku ne suka fi fice. Na farko daga 1934 zuwa farkon shekarun 1940, lokacin finafinan baƙi da fari masu zafin baki. Na biyu shekarun 1950 zuwa farkon 1960, zamanin Audrey Hepburn da Doris Day. Na uku daga *When Harry Met Sally* na 1989 zuwa ƙarshen shekarun 1990, wanda Ingila ma ta sa hannu a ciki. Na Indiya suna tambaya ta 10.

2. Tun farko an san za su auri juna. To ina daɗin kallon?

Ai ba don a san ƙarshe ake kallonsu ba. Mai kallo yana riga masoyan sanin gaskiya, kuma wannan rigayen shi ne jarin fim ɗin. A *The Shop Around the Corner* na 1940, wanda Ernst Lubitsch ya ba da umarni, ma'aikata biyu ne a wani kanti a birnin Budapest, ba sa ga maciji da juna, alhali kowannensu ya kamu da son wani da suke musayar wasiƙa ba tare da sanin suna ba. Su ne suke rubuta wa juna. Ranar da aka sa za a haɗu a gidan shan shayi, ranar ce aka kori saurayin daga aiki. Ya tsaya a waje, ya roƙi abokin aikinsa ya leƙa masa ta taga. Abokin ya leƙa, ya ga littafi da jan fure, alamar da aka yi alkawari, ya kuma ga mai riƙe da su. Saurayin ya shiga kamar hanya ce ta biyo da shi. Ita kuwa ta zauna tana yaba masa mutumin da take jira, tana kushe shi da ke gabanta, ba ta san mutum ɗaya ba ne. Kowace kalma da ta faɗa tana da fuska biyu, kuma mai kallo yana ganin duka biyun a fuskar James Stewart, wanda ya fito a matsayin saurayin.

Abu na biyu shi ne magana. A waɗannan finafinai da baki ake neman aure, kuma ba wanda ke barin bashin magana ya kwana. Faɗansu irin na taubasai ne, tsokana a sama, kulawa a ƙasa. Mutum biyu da suka iya mayar wa juna martani daidai wa daida sun riga sun nuna cewa hankalinsu ya zo ɗaya, tun kafin su yarda.

3. Me ya sa ba a ganin tsiraici a na shekarun 1930 zuwa 1950?

Saboda dokar tace finafinai da kamfanonin Hollywood suka ɗora wa kansu, wadda aka fi sani da sunan Will Hays. An rubuta ta a 1930, amma sai a Yulin 1934 aka fara aiki da ita da gaske, lokacin da aka kafa ofis ƙarƙashin Joseph Breen wanda sai ya duba rubutun labari da fim ɗin kafin a ba shi shaidar fita. Ta hana tsiraici, da sumbata ta sha'awa, da ƙawata zina. Ta ci gaba har 1968, aka maye gurbinta da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo.

Takunkumin ya tilasta wa marubuta dabara. *It Happened One Night* na Frank Capra ya fito a farkon 1934, ana gab da tsaurara dokar, ya kuma nuna wa na baya hanya. Ɗan jarida da 'yar attajiri sun kwana ɗaki ɗaya a masaukin matafiya saboda kuɗi sun yi ƙasa. Sai ya ɗaura igiya tsakanin gadajen biyu, ya rataya bargo, ya kira shi ganuwar Yariko, wadda a labarin Littafi Mai Tsarki busa ƙaho ce ta rushe ta. Kowa na gefensa, suna jin motsin juna, ba sa ganin juna. Sai a ƙarshen fim, bayan an ɗaura aure, aka busa ƙaramin ƙaho, bargon ya faɗi, fitila ta mutu, fim ya ƙare. Wannan bargon ya fi abin da kyamara za ta nuna ƙarfi, domin ya bar wa mai kallo aikin cike gurbi. Fim ɗin ya lashe manyan kyaututtukan Oscar biyar: fim, darakta, jarumi, jaruma da rubutun labari.

Kada a ɗauka dokar alheri ce zalla. Ita ce ta haramta nuna soyayya tsakanin baƙi da farar fata, sai a 1956 aka cire wannan sashe. Akwai ƙarin bayani a tambaya ta 11.

4. Yaya ake gina labarin irin wannan fim?

Yawancin na Amurka minti 90 ne zuwa 105, kuma masoyan sukan haɗu cikin kwata na farkon awa. Haɗuwar ba ta zama kara zube ba, dole ta ƙunshi saɓani. A *Bluebeard's Eighth Wife* na 1938, wani attajiri ya shiga kanti yana son rigar barci kaɗai ban da wando, masu kanti suka ce ba sa raba kaya, sai ga wata budurwa ta ce ita wandon take so. Kafin a gama ciniki an san halin kowa.

Daga nan sai a samo dalilin da zai hana su rabuwa ko da suna so: tafiya ɗaya, wurin aiki ɗaya, layin tarho ɗaya. Sai a kawo mutum na uku, wanda ake shirin aura. Gwanaye ba sa mayar da shi mugu. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya kama zancen idan ta yi shaguɓe. Ralph Bellamy ya taka wannan rawa a *The Awful Truth* na 1937 da *His Girl Friday* na 1940. Wajen kashi uku cikin huɗu na fim ƙarya takan tonu, a rabu. Abin da ya rage shi ne ɗaya ya sauke girman kai.

Inda labari yakan lalace wuri biyu ne. Na farko, idan matsalar da ta raba su jimla ɗaya za ta warware ta, amma marubuci ya hana su faɗa don a ja lokaci. Mai kallo yakan ji an raina masa hankali. Na biyu, idan ɗaya ne kaɗai yake da laifi kuma shi kaɗai ya sauya. A masu kyau kowa yana da abin da zai bari.

5. Me ya sa kullum sai an haɗa 'yar masu kuɗi da talaka?

Lokacin ne ya kawo haka. Bayan karyewar kasuwar hannun jari a 1929, rashin aiki a Amurka ya kai kusan kashi 25 cikin 100 a 1933. Mai sayen tikiti yana son ganin manyan gidaje da tufafin alfarma, yana kuma son a nuna masa cewa masu su ba su fi shi hankali ba. *My Man Godfrey* na 1936 ya fara ne da 'ya'yan attajirai suna gasar tsinto abubuwan da aka yasar, har da mutum, suka ɗauko wani daga juji ya zama baran gidansu, ya kuma fi kowa natsuwa a gidan. A fim ɗin Capra kuwa, 'yar attajirin sai da yunwa ta sa ta ci ɗanyen karas ɗin da ta raina da farko.

6. An ce matan cikinsu sun fi na finafinan baya ƙarfin hali. Gaskiya ne?

Ga na zamanin farko, akwai gaskiya sosai. Katharine Hepburn, Barbara Stanwyck, Carole Lombard, Irene Dunne da Rosalind Russell su ne ke jan labarin, sau da yawa namijin ne ke bin baya a ruɗe. *His Girl Friday* an ɗauko shi daga wasan daɓe na 1928 wanda ɗan jaridar cikinsa namiji ne. Darakta Howard Hawks ya mayar da shi mace, ya kuma sa ta zama tsohuwar matar editan. Ita ce gwanar ɗakin labarai, kuma kowa ya san haka.

Wannan ya kawo wani reshe mai ban sha'awa, wato labarin kome: ma'auratan da suka rabu ko suke gab da rabuwa, sai su sake gano juna. Masanin falsafa Stanley Cavell ya rubuta littafi a kansu a 1981. Dokar tacewa ta taimaka a nan, domin waɗanda suka taɓa aure suna iya yin zancen da saurayi da budurwa ba za a bar su su yi ba. A shekarun 1950 abin ya ja baya, labarai da dama suka koma kan yadda mace mai sana'a za ta ajiye ta ta shiga gida.

7. Da wanne ya kamata in fara?

Wanda bai saba da baƙi da fari ba, sai ya fara da *Roman Holiday* na 1953: Turancinsa a natse yake, an ɗauke shi a titunan Rum, kuma labarin gimbiyar da ta sulale daga masauki don ta yi yini ɗaya kamar kowa ba ya buƙatar bayani. Daga nan *It Happened One Night*, sai *The Shop Around the Corner*. A ajiye *His Girl Friday* da *Bringing Up Baby* sai kunne ya saba, saboda dalilin da ke tambaya ta 8. Wanda Turanci ke ba shi wahala ƙwarai ya nemi *City Lights* na Charlie Chaplin, 1931, wanda babu hira a cikinsa sai kiɗa da ɗan rubutu a allo.

8. Maganarsu ta yi mini sauri. Yaya zan yi?

Da gangan aka yi. Hawks yakan sa 'yan wasa su hau kan maganar juna, wani ya fara kafin wani ya rufe baki. A kunna rubutun ƙasan allo na Turanci, ba fassarar inji ba, domin inji yana kashe shaguɓe. A manhajar VLC ana iya rage gudun fim zuwa 0.9, ƙasa da haka muryoyi sukan ja, lokacin dariyar ya ɓaci.

Idan rubutun bai zo daidai da baki ba, a duba iri biyu. Idan tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, a kwamfutar Windows maɓallan G da H suna matsar da shi baya ko gaba, kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa kowane dannawa. Idan kuwa tazarar ƙaruwa take yi, to rubutun na wani kwafi ne mai hoto 25 a daƙiƙa, fim ɗin kuma 23.976. Bambancin kusan kashi 4 cikin 100 ne, wanda a fim na minti 90 zai kai kusan minti huɗu. Dannawa ba za ta gyara wannan ba, sai a sauke wani rubutun da ya dace da kwafin.

9. Me ya sa hoton bai cika allo ba, wani lokaci kuma yana da ɗigo-ɗigo?

Galibin finafinan kafin 1953 an ɗauke su da faɗin 1.37 bisa tsayi 1, talabijin na yanzu kuma 1.78 ne. Baƙin da ke hagu da dama daidai ne, a bar shi. Idan aka miƙe hoton fuskoki za su kumbura. Idan aka zuƙo shi ya cika allo, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sama da ƙasa zai tafi. Na bayan 1953 masu faffaɗan allo kuma baƙin a sama da ƙasa yake. *Pillow Talk* na 1959 yana raba allo don a ga masu magana a tarho lokaci guda, don haka kwafin da aka datse gefensa yana yanke rabin wasan.

Ɗigo-ɗigon daga jikin zaren fim yake, ba lalacewa ba ce. Abin da ke ɓata kallo shi ne saitin sulɓin motsi da sababbin talabijin ke zuwa da shi a kunne: TruMotion a LG, Motionflow a Sony, Auto Motion Plus a Samsung. A kashe shi, ko a zaɓi Filmmaker Mode in akwai. Haka nan a guji kwafin da aka shafa wa launi daga baya. Masu ɗaukar hoton sun tsara haske da inuwa ne don baƙi da fari, launin kwamfuta yana dusashe su.

10. Ina alaƙarsu da finafinan Indiya da muka taso muna kallo?

Alaƙa ta kusa. *Chori Chori* na 1956, na Raj Kapoor da Nargis, labarin *It Happened One Night* ne aka mayar Indiya, haka ma *Dil Hai Ke Manta Nahin* na 1991 da Aamir Khan ya fito. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen sinima na Arewa, daga baya suka mamaye allunan Kano irin su Plaza da Orion da El Dorado. Saboda haka mai kallo Bahaushe ya san wannan gini tun kafin ya ga na Amurkan.

Bambancin a bayyane yake. Na Indiya sukan kai awa biyu da rabi zuwa uku, waƙa tana ɗaukar abin da baki ba zai furta ba, kuma shingen yawanci iyaye ne da dangi, ba girman kan masoyan kaɗai ba. A *Dilwale Dulhania Le Jayenge* na 1995 saurayin ya ƙi gudu da budurwar, ya dage sai mahaifinta ya ba shi ita da hannunsa. Wanda ke neman na Indiya masu sanyin barkwanci ya nemi ayyukan Hrishikesh Mukherjee da Basu Chatterjee na shekarun 1970. A *Chupke Chupke* na 1975, Dharmendra, wanda aka fi sani da dambe, malamin jami'a ne da ya ɓad da kama ya zama direba a gidan dangin matarsa.

Finafinan Hausa sun ɗauki waƙa da rikicin auren dole da soyayyar mutum uku, amma sun daɗe suna ajiye soyayya a ɓangare guda, barkwancin camama a wani ɓangaren. Haɗa su a jikin masoya biyu, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 1, fili ne da har yanzu yake da sauran wuri.

11. Za a iya kallonsu da iyali?

Ba duka ba, kuma tsufan fim ba shaida ba ne. Waɗanda aka ambata a tambaya ta 7 babu tsiraici a cikinsu, sai dai akwai sumbata, da shan taba da giya kamar ba komai ba. *The Apartment* na 1960 babban fim ne, amma a kan cin amanar aure yake, har da yunƙurin kashe kai. *Some Like It Hot* na 1959 maza ne cikin shigar mata. *When Harry Met Sally* da *Pretty Woman* na manya ne a hukumance, na biyun jarumarsa mai zaman kanta ce. Babba ya fara kallo shi kaɗai kafin ya tara yara.

Akwai kuma abin da ke sosa rai. Baƙar fata a finafinan 1930 da 1940 kusan ba ya wuce bara ko ɗan dako a jirgin ƙasa. *Breakfast at Tiffany's* na 1961 ya sa Bature ya yi shigar Bajapane ta izgili. *The Philadelphia Story* ya buɗe da miji yana ture fuskar matarsa har ta faɗi, an kuma shirya shi a matsayin abin dariya. Gara a faɗa wa matasa waɗannan a fili a tattauna da a yi kamar ba a gani ba.

12. A ina zan same su ta halastacciyar hanya?

A dokar Amurka haƙƙin mallakar tsofaffin finafinai yana ƙarewa bayan shekara 95, don haka *It Happened One Night* sai a farkon 2030 zai zama na kowa. Wasu sun riga sun fita saboda sakacin takarda: *His Girl Friday* da *My Man Godfrey* ba a sabunta rajistarsu ba, *Charade* na 1963 kuma an sake shi ba tare da cikakkiyar alamar mallaka ba. Ana samun irinsu kyauta a shafin Internet Archive. Matsalarsu ita ce kowa na iya yaɗa kwafinsa, har wanda aka kwafa daga tsohon kaset, mai dishi-dishi da sautin da ke shaƙewa. A fim ɗin da jarinsa magana ce, mummunan sauti ya fi mummunan hoto illa. A saurari minti biyu na farko kafin a ƙona data, a kuma nemi wanda aka rubuta an gyara shi daga zaren asali, irin na kamfanin Criterion.

13. Dole ne su ƙare da aure?

A'a. A *Roman Holiday* gimbiyar ta koma bakin aikinta, ɗan jaridar ya fasa buga labarin da zai yi masa suna da kuɗi, suka yi sallama a gaban taron 'yan jarida da kalmomin da su kaɗai suka san ma'anarsu. *Annie Hall* na 1977 ma da rabuwa ya ƙare, ya kuma ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau.

14. Me ya sa yanzu ba a cika yin irinsu ba?

Dalili na farko na kasuwa ne. A da kamfani yakan riƙe 'yan wasa da kwantiragin shekara bakwai, da marubuta masu albashi, da gidajen sinima nasa da ke buƙatar sabon fim kowane mako. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1948 ya raba kamfanoni da gidajen sinimarsu, tsarin ya fara rushewa. Daga baya, a shekarun 2000 zuwa 2010, manyan kamfanoni suka karkata ga finafinan faɗa masu tsada da ake sayarwa a duk duniya, domin fashewar bam ba ta buƙatar fassara, shaguɓe kuwa yana buƙata. Faɗuwar kasuwar faifan DVD ta ƙara rage kuɗin da matsakaitan finafinai ke dogaro da su. Tun wajen 2018 masu haska fim ta intanet irin su Netflix sun sake ɗaukar fannin, sai dai galibi da ƙaramin jari.

Dalili na biyu na labari ne. Shingayen da suka riƙe tsofaffin sun yi rauni a rayuwar Turawa: kunyar kwana ɗaki ɗaya, tsoron abin da mutane za su ce, wasiƙar da ke ɗaukar kwanaki. Darakta Nora Ephron ta iya sake labarin kantin Budapest na tambaya ta 2 a 1998 da sunan *You've Got Mail* domin a lokacin saƙon imel yana iya ɓoye mai aiko shi. Yau da hoton kowa yake a wayar kowa, marubuci sai ya yi aiki tuƙuru kafin mai kallo ya yarda mutum biyu za su yi watanni suna rubutu ba su gane juna ba.